Abin da na koya daga haɗa ƙananan hukumomi uku a kan tsarin fasaha guda

Lokacin da shugabannin ƙananan hukumomi uku masu maƙwabtaka da juna suka amince su yi tsarin fasahar zamani na bai ɗaya, ni aka ɗora wa nauyin jagorantar rubuta shi, domin na daɗe ina aiki a sashen kwamfuta na ɗaya daga cikinsu. Na karɓi aikin da zaton cewa babban abin da ke gabana shi ne zaɓen manhaja mai kyau da sasanta farashi da 'yan kwangila. Ban yi nisa ba na gane cewa wannan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Da ƙidaya muka fara. Mun bi ofis-ofis muna rubuta kowace manhaja da ake amfani da ita, da lasisinta, da ranar da kwangilarta za ta ƙare, da sunan wanda kalmar sirrin gudanar da ita take hannunsa. Aiki ne mai gajiyarwa wanda babu mai yabon wanda ya yi shi, amma shi ya buɗe mana ido. Mun tarar kowace hukuma tana karɓar haraji da manhaja daban, kuma gida ɗaya da ke kan iyaka an rubuta adireshinsa ta hanyoyi mabambanta a rumbunan bayanai biyu. Abin da ya fi ɗaure mu shi ne kwangilolin ba su ƙarewa a shekara ɗaya, kuma fita daga kwangila kafin wa'adinta yana jawo tara. Saboda haka jadawalin haɗewar bai bi son ranmu ba, ya bi ranakun ƙarewar kwangiloli da ranakun da kamfanoni ke daina kula da kayansu, kamar yadda Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10.

Kuskuren da na yi, kuma nawa ne ni kaɗai, shi ne na matsa a fara da shafin intanet na haɗin gwiwa, domin shi ne abin da kansiloli za su iya nuna wa jama'a. Shafin ya yi kyau, mutane suka riƙa cike takardun neman izini daga wayoyinsu, amma a bayan fage ma'aikata suna buga takardun a kan takarda, sannan su sake shigar da bayanan da hannu a tsofaffin manhajoji uku. Mun ƙara musu aiki ne, kuma sun faɗa mini haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da zan sake, da tubalin da ba a gani zan fara: rajistar adireshi guda, hanya ɗaya ta shigar ma'aikata cikin kwamfutoci, da ajiyar kwafin bayanai a wurin da bai haɗu da sauran na'urori ba. Harin masu kutse a kwamfuta don neman kuɗin fansa da ya faɗa wa hukumar Hackney ta birnin Landan a watan Oktoba na 2020, wanda ya tsayar da ayyuka da dama na tsawon watanni, ya isa ya nuna muhimmancin wannan na ƙarshe. Haɗa na'urorin hukumomi uku kuwa yana nufin ƙofar da aka bari a buɗe a ɗaya tana iya kai ɓarawo ɗakin sauran biyun.

Inda na fi shan wahala, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne batun wanda ke da ikon yanke hukunci. Hukumar da ta fi ƙanƙanta tana tsoron a haɗiye ta, babbar kuma tana ganin ita za ta ɗauki yawancin kuɗin, don haka ya kamata muryarta ta fi ƙarfi. Duka biyun suna da gaskiya. Mun yi zama da yawa kafin muka tsaya a kan cewa kuɗin tubalin da kowa ke amfani da shi za a raba shi gwargwadon yawan ma'aikatan da ke aiki da kwamfuta a kowace hukuma, duk wadda kuma ta nemi wani abu na musamman ita za ta biya shi. A kwamitin da ke kula da tsarin, kowace hukuma ƙuri'a ɗaya take da ita. Haka nan mun rubuta ƙarara cewa bayanan mazauna kowace hukuma mallakarta ne, ita doka za ta tambaya idan bayanan suka fita waje, kuma ma'aikacin wata hukumar ba zai gan su ba sai da dalilin aiki da aka rubuta.

Na dage a sanya babi a kan yadda za a rabu, abin da wasu suka ɗauka a matsayin mugun fata. Hujjata ita ce abin da ya faru da hukumomi uku na birnin Landan, wato ta Westminster, da ta Kensington da Chelsea, da ta Hammersmith da Fulham, waɗanda suka haɗa wasu ayyukansu a 2011. Bayan zaɓen 2014 jam'iyyar da ke mulkin Hammersmith da Fulham ta canza, dangantaka ta yi tsami, kuma a 2017 sauran biyun suka ba da sanarwar kawo ƙarshen yarjejeniyar. Kansiloli suna zuwa suna tafiya da zaɓe, alhali kwangilar manhaja tana iya wuce wa'adin waɗanda suka sa mata hannu. Tun ran gini ake zane, don haka muka fayyace tsawon sanarwar da mai fita zai bayar, da sigar da za a mayar masa da bayanansa ta yadda wata manhajar za ta iya karanta su, da wanda zai biya kuɗin raba kayan. Abin mamaki, wannan babin ne ya kwantar da hankalin ƙaramar cikinmu har ta sa hannu.

Akwai abu ɗaya da ban yarda a taɓa ba, wato teburin karɓar jama'a da layin waya, domin tsoho ko wanda ba ya iya karatu yana da haƙƙi daidai da mai babbar waya. Mun mayar da wasu ma'aikatan da aikin shigar da bayanai ya ragu a hannunsu zuwa wannan teburin, suna cike wa mutane takardun a cikin sabon tsarin.

Har yanzu ba mu gama haɗa manhajar haraji ba, saboda kwangilar ɗaya daga cikin hukumomin tana da sauran lokaci. Kafin ranar ta zo, muna gyara rajistar adireshi layi bayan layi, kuma sau biyu a shekara muna kashe wata na'ura da gangan domin mu tabbatar za mu iya dawo da bayananta daga kwafin da muka ajiye.