Ba Ta Salansa Ruwa Yake Kashe Inji Ba

Shawarar da direbobi da yawa suke bayarwa a Kaduna idan damina ta kankama ita ce, in za ka ratsa ruwa ka sa ƙaramar giya, ka danne totur, kada ka bari mota ta mutu, domin kada ruwa ya shiga ta salansa. Da wannan shawara na shiga ruwan da ya kwanta a Kigo Road cikin wani watan Satumba, lokacin da Kogin Kaduna ya tumbatsa ya hauro unguwa, kuma a nan na rasa injin Corolla ɗina wanda bai taɓa kwana a gareji ba. Har yau raina yana ɓaci idan na ji ana maimaita ta a majalisa, saboda tana sa mutum ya tsare bayan mota alhali ɓarnar ta gaba take shigowa.

Wata Hilux ce ta ratsa a gabana ba tare da wata wahala ba, sai na bi sahunta. Ina tsakiyar ruwan wata tifa ta taho daga ɗaya hannun tana turo igiyar ruwa, na sassauta ƙafa, ruwan ya daki gaban motar ya hau kan bonet. Injin ya yi rawa kaɗan ya mutu, ba tare da wata ƙara ba. Nan take samarin da ke tura motoci suka kewaye ni, ɗayansu yana buga gilashi yana cewa, "Oga, ba ta wuta da sauri kafin ruwa ya cika salansa!" Na murɗa makulli, kik ya ɗauka, sai na ji wani ƙwas mai nauyi daga ƙarƙashin bonet, daga nan injin bai sake juyawa ba.

A garejin da aka jawo ta, kusa da kasuwar Panteka, bakaniken bai ko leƙa salansa ba. Akwatin iyakilina ya fara buɗewa, ya zaro matatar iskar tana ɗigar da ruwa, ga laka kwance a ƙasan akwatin. Sannan ya bi bututun da yatsa har ya nuna mini bakinsa a can gaba, kusa da fitila, inda inji yake shaƙar iska. A wasu ƙananan motocin ma bakin yana ƙasa da haka, a bayan bamba. Da ya zaro sandar duba baƙin mai, man ya koma kalar shayi mai madara.

Bayanin da ya yi mini ya kamata a ce kowane mai ƙaramar mota ya san shi. Injin lita 1.8 yana da silinda 4, kowace tana ɗaukar kimanin mililita 450, kuma fistin yana matse abin da ke ciki har ya koma wajen kashi 1 cikin 10, wato gurbin da bai wuce mililita 50 ba. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan, don haka idan ruwan da ya fi wannan gurbi ya shiga silinda, fistin zai taho ya tarar babu hanya, ƙarfin kuma sai ya huce a kan ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, wato sandar da fistin yake juyawa. Da aka kwance injin na riƙe wannan ƙarfe a hannuna, ya lanƙwashe a tsakiya, kuma ya karce jikin bulok har ya tsaga shi. Danne totur da ake yabawa yana ƙara wa inji zuƙar iska ne, kuma duk abin da ke bakin bututun da shi zai zuƙa. Salansa kuwa, muddin inji yana aiki hayaƙi waje yake turowa, ko da a sulo ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da bakaniken ya yi yana goge hannu: "Alhaji, mutuwar farko a hankali ta yi. Da ba a taɓa makullin nan ba, wataƙila da fulogi kawai za mu kwance, mu juya inji ya feso ruwan, mu canza mai da filta da iyakilina, ka tafi gida da motarka." Aikin yini guda ke nan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Murɗa makulli ta mayar da shi sayen wani injin a kasuwar kayan gyaran mota ta Ori-Apata, da kuɗin da na daɗe ina tarawa don wata buƙatar iyali. Inshorar da nake da ita, irin wadda yawancinmu muke yanka don cika takardu, tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne kawai, ba ta san da motarka ba.

Ban ga laifin samarin ba, domin abin da suka ji manya suna faɗa suka faɗa, kuma su ne suka turo ni waje ruwa har gwiwarsu. Amma yanzu idan na ga mota ta mutu a cikin ruwa nakan tsaya in roƙi mai ita ya zare makulli ya sa a aljihu, a tura ta tudu, a cire kan batir, a nemi motar janwe. Wasu suna ji, wasu kuma suna ganin ina ɓata musu lokaci.

Game da shiga ruwan kansa, na daina auna zurfi da Hilux ko tifa. Ina jiran in ga mota mai tsayin tawa, kuma idan ruwa ya kai mata rabin taya ko ya taɓa ƙasan ƙofa, juyawa nake yi. Ruwan da ke taruwa saboda toshewar magudana yakan janye bayan sama ta ɗauke, don haka jira yana da amfani, amma na kogi dabam ne, kuma santimita 30 na ruwa mai gudu ya isa ya ɗaga ƙaramar mota daga kan kwalta. Idan ya zama dole in ratsa marar zurfi, sai babbar mota ta gama wucewa, sannan in tafi a hankali, in ɗan tattaka birki bayan na fita domin ya bushe.

Canza inji bai kawo ƙarshen wahalar ba. Sai da aka zubar da man giya, aka ɗaga kafet aka shanya saboda wari, kuma bayan wasu makonni soket-soket na wayoyin da ke ƙasan kujera suka fara tsatsa, fitilun gargaɗi suna kamawa suna mutuwa. Injin da aka ɗora mini yana tafiya, amma yana shan baƙin mai, abin da na farkon bai taɓa yi ba, kuma duk safiya sai na buɗe bonet na duba kafin in fita.