Tsibiran Lofoten: inda kifin ƙasan teku ke ƙaura arewa

Ranar da na dawo gida, rigar sanyina tana warin kifi, har yanzu kuma ban kai ta wanki ba. A watan Maris na 2025 na je Lofoten, tsibiran da ke arewacin ƙasar Norwe. Daga Bodø muka shiga jirgin ruwa, sama da awa 3 muna keta mashigin tekun Vestfjorden kafin mu sauka Moskenes. A bakin jirgin wani ma'aikaci ya daka mini tsawa saboda na tsaya a layin motoci, bai ko dube ni ba balle ya nuna mini inda zan bi. Abin ya ɓata mini rai. Baƙo ai nuna masa hanya ake yi.

Warin ne ya fara tarbata kafin idona ya ga komai. Sai ga rumfunan katako dogaye a kan duwatsu, an rataye kifin kod bibbiyu, an ɗaure su ta wutsiya, babu gishiri babu hayaƙi, iskar sanyi kawai ke busar da su tun daga Fabrairu har wajen Yuni. Gefe guda kuma kawunan kifin ne zalla, an shirya su a igiya, bakuna a buɗe. Da na ce daga Najeriya nake, mutumin da ke aikin ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙo mini hannu. Gangar jikin mai kyau yawanci Italiya take tafiya, kawunan kuwa namu ne, su ne 'yan kudu ke kira okporoko. Na daɗe ina ganinsu a kasuwa, ban taɓa tunanin daga ina suke ba.

Mai masaukina a kusa da Reine tsohon masunci ne, hannayensa duk sun tsattsage. Daren farko ya dafa mini abin da suke kira mølje: naman kod da hantarsa da ƙwansa, da dankali. Ya ƙi karɓar ko kwabo. A ƙasar da kofin shayi ɗaya ke sa ka sake lissafin kuɗin kronar da ke aljihunka, wannan ba ƙaramin karamci ba ne. Tsadar Norwe ta wuce misali, kuma ba a taya farashi, abin da aka rubuta shi za ka biya.

A teburin nan na fahimci abin da ya dami masuntan yankin. Kod kifi ne na ƙasan teku, mai son ruwan sanyi. Wanda suke kira skrei a Tekun Barents yake girma, sannan tsakanin Janairu da Afrilu ya yi doguwar tafiya zuwa gaɓar Norwe don ya saki ƙwai. Da tekun ya fara ɗumi, ƙanƙara ta ja baya, sai kod ya samu sabon wurin kiwo har can arewa wajen tsibiran Svalbard, ya yi yawa. A 2013 kason da Norwe da Rasha suka amince a kama ya kai tan miliyan 1. Masunta suka sayi manyan jirage, wasu da bashi. A 2025 kason ya sauko tan 340,000, wanda a lokacin shi ne mafi ƙanƙanta tun 1991. Shekaru a jere ƙananan kifin da ke tsira su girma ba su da yawa, kuma ɗan kifin nan capelin da kod ke ci shi ma ya ragu har aka hana kama shi a 2025.

Tsohon bai ɗora laifin duka a kan ɗumi ba, ya ce su ma sun kama da yawa a shekarun wadata. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne wurin sakin ƙwan yana matsawa arewa, wajen Troms da Finnmark. Mai babban jirgi zai bi kifin duk inda ya je. Mai ƙaramin kwalekwale fa? Shi sai dai ya ƙona mai ya dawo da rabin abin da ubansa ke samu a bakin ƙofa. Nan ne na ji tausayinsu ya kama ni sosai, domin ɗumamar teku ba rana ɗaya take cin mutum ba. Ta fara ba su riba, suka saki jiki, sannan ta juya.

Ko shanyar ma ta shiga matsala. Ana son sanyin da ke kusa da daskarewa amma bai kai ya fasa naman ba. In ɗumi ya zo da wuri, ƙuda ya sauka, kifin ya lalace a kan katako.

Washegari a tashar jirage na tsaya kallon wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba, sanye da rigar roba, tana soka kan kifi a wani ƙarfe mai tsini, ta sa wuƙa ta yanke harshen cikin ƙiftawar ido, ta jefar da kan a kwando. Sana'ar yara ce a can, kuɗin kuma nasu ne. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Wannan tarbiyya ta burge ni ƙwarai. Mahaifiyarta ta ce bana kawunan ba su isa yaran garin duka ba.

Daga nan na leƙa ƙauyen Å, inda hanyar mota ta ƙare, na ga gidan tarihin busasshen kifi. Henningsvær kwana ɗaya na yi, ruwan sama ya hana ni fita. A Svolvær na sayi busasshen kod guda ɗaya da tsada, na naɗe shi a jaka, na kama hanyar Bodø.