Rajistar da ta kusa rusa mana zaman daina shan sigari

Duk malamin da zai buɗe zaman taimaka wa ɗalibai su bar sigari, shawarata ta farko gare shi ita ce kada ya bari a rubuta sunan kowa. Ko shugaban makaranta ya ce ƙa'ida ce, a ba shi adadin masu zuwa, sunayen kuma su zauna a ƙirjin malami. Da zafi nake faɗin wannan, don har yau raina bai huce ba.

Ina koyar da bayoloji a wata sakandare a nan Zariya. Ni da malamin Islamiyyarmu muka fara zama da yara duk ranar Alhamis bayan an tashi, a ɗakin gwaje-gwaje. Samun izini da sauran hidindimu ba su ba mu wahala ba. Wahalar ita ce yaro ya yarda ya buɗe baki ya ce "Malam, ina sha." A garin nan maganar ba ƙarama ba ce: yana tsoron uba, yana tsoron a ce ya zama ɗan iska, gobe a unguwa a riƙa nuna shi. Sai da muka yi musu alkawari, da sunan Allah, cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba. Sannan suka fara zuwa, wasu daga Tudun Wada, wasu daga cikin birni, har da masu hawa keke daga Gyallesu.

Ofis ya ce kowace ƙungiyar ɗalibai sai da rajista, aka kawo littafi. Wata safiyar Litinin malamin ladabtarwa ya ɗauke shi daga kan tebur a ofishin malamai, ya tsaya a filin taron safe ya karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, aka fito da su gaban makaranta aka zane su. Da na same shi na ce, "Haba Malam, yaran da suka kawo kansu don su daina?" Ya ce ai ya taimaka mini ne, bulala ta fi surutu saurin aiki. Alhamis ɗin da ta biyo baya daga ni sai kujeru.

Abin da shi da ire-irensa ba su gane ba shi ne sigari ba taurin kai ba ne kawai. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa barinta, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu da zuƙar hayaƙi, ƙwaƙwalwar matashi kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa take saurin kamuwa. Yaron da ya daina zai yi fama da ciwon kai, saurin fushi, rashin barci da kasa natsuwa a aji. Abin ya fi tsanani a kwanakin farko, sannan ya riƙa sauƙi cikin makonni. A wannan lokacin ne yake bukatar wanda zai ce masa "daure, zai wuce." Bulala ba ta cire nikotin daga jini, abin da take koya wa yaro shi ne ya iya ɓuya, ya tauna cingam kafin ya shigo aji.

Kafin wannan ɓarnar mun riga mun gano abubuwan da suke ratsa su. Na faɗa musu alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da sama da miliyan ɗaya da ba sa sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Na faɗa musu a hayaƙin akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Suka saurara cikin ladabi, amma ɗan shekara 16 bai ɗauki kansar huhu ko bugun zuciya a matsayin abin da ya shafe shi ba. Ƙwallo ce ta kama su. Da na tambayi wa yake haki tun kafin a je hutun rabin lokaci, sai aka fara kallon juna. Daga nan na shigo da yadda iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin taba take ƙwace gurbin iskar oksijin a jini, da cewa yawanta yana sauka cikin kwana guda da dainawa.

Shisha kuma ta ba ni mamaki ƙwarai. Da yawansu sun rantse ba sa shan taba, shisha kawai suke sha a wurin biki ko ɗakin aboki, wai ruwa yana tace ta, ga ƙamshin tuffa. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, gubar tana nan, ga hayaƙin gawayi a kai, kuma zama ɗaya na awa guda mutum yana iya shaƙar hayaƙin da ya kai na sigari kara ɗari. Wannan maganar ta girgiza su fiye da duk hotunan huhun da na nuna.

Dawo da su ya ci mana kusan zango guda. Gida-gida ba ya yiwuwa, don tona asiri ne a karo na biyu, sai dai na tare yaro a hanya in ba shi haƙuri kan laifin da ban yi ba. Shugaban makaranta, Allah ya saka masa da alheri, ya yarda aka daina rajistar, muka kuma sauya wa zaman suna ya koma na kiwon lafiya, kowa yana iya shiga, don kada shigowa ɗakin ta zama shaida a kan yaro. Azumi ne ya ƙarasa mana aikin. Malamin Islamiyya ya ce musu wanda ya iya haƙura daga alfijir zuwa magariba ya riga ya ci rabin yaƙin, saura tsakanin shan ruwa da sahur. Muka haɗa su biyu-biyu suna lura da juna bayan tarawihi, da asuwaki da aya ko dabino a aljihu, domin ƙishin sigari yakan lafa cikin 'yan mintuna idan baki ya samu abin yi. Wasu sun bari har yau, kuma ina alfahari da su. Wasu sun koma bayan salla, muka ce su sake sa rana, ba gori.

Waɗanda suka fi ci mini rai su ne 'yan ajin ƙarshe da aka zane a ranar nan. Yawancinsu ba su sake leƙo mu ba har suka rubuta WAEC suka tafi, ina ganin ɗaya a wajen masu shayi a Sabon Gari da kara a hannu, idan ya hango ni sai ya juya baya.

Yanzu abin da muka sa a gaba shi ne mai tiredar da ke kusa da ƙofar makaranta. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da kara ɗai-ɗai, amma a nan kara-kara yaranmu suke saye da kuɗin tara. Mun kai maganar wurin mai unguwa, ya ce mu zo tare da iyaye idan an dawo hutu.