Asabar a unguwar Käthe Kollwitz

Sanyi ya ɗan sassauta yau, shi ya sa da hantsi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Prenzlauer Berg da ke Berlin. Ranar kasuwa ce a dandalin Kollwitz. A tsakiyar dandalin akwai mutum-mutumin tagulla na Käthe Kollwitz, Bajamushiya mai zane, tsohuwa zaune ta riƙe jakar zanenta a gefe, yara suna ta hawa cinyarta har wurin ya yi sheƙi saboda guga. A bakin dandalin nan ta yi zama daga 1891 zuwa 1943 tare da mijinta Karl, likitan talakawa. Masu jiran ganinsa, leburori da matansu da 'ya'yansu, su ne fuskokin da suka cika zane-zanenta. Gidan kam babu shi, bam ya cinye shi a Nuwamban 1943, da tarin ayyukanta da wasiƙu a ciki.

Kundinta na yau da kullum ya tsira. Ta rubuta shi daga 1908 zuwa 1943, ainihin littattafan suna ajiye a ma'ajiyar Kwalejin Fasaha ta Berlin, jikarta Jutta kuma ta fitar da shi a buge a 1989. Shi na ɗauko a jaka. Jamusancina bai nuna ba tukuna, da ƙamus nake rarrafawa, amma na samu benci na buɗe watan Agustan 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ɗanta Peter yana da shekara 18, yana son shiga soja, shekarunsa kuwa ba su kai ya tafi sai da izinin uba. Karl ya ƙi. Yaron ya juya wajen uwarsa, ita kuma ta tashi ta roƙar masa uban har ya amince. Da hannunta ta rubuta haka, ba ta sakaya komai ba. A watan Oktoba aka kashe shi kusa da Diksmuide a Beljiyam, kwanaki kaɗan da barinsa Jamus. Ranar 30 ga wata, abin da ta sa a kundin shi ne jimlar da aka aiko musu: ɗanku ya faɗi a fagen fama. Na daɗe ban juya shafin ba.

Bayan azahar na wuce fadar Charlottenburg, inda gidan tarihinta ya koma a 2022. Jerin "Yaƙi" nake nema, zane bakwai da ta yi a 1921 zuwa 1922. Aikin kamar na hatimi ne: a sassaƙe allon katako da wuƙa, a shafa tawada a inda bai sassaƙu ba, a danna takarda a kai. Inda wuƙa ta ci, nan fari ke fitowa, kuma abin da aka cire ba ya komawa. Da can farantin jan ƙarfe take karcewa, ko ta zana a kan dutse, har ta ga sassaƙen wani mai fasaha, Ernst Barlach, a 1920 ta gane wannan hanya ce za ta ɗauki nauyin abin da ke ranta.

A gaban "Iyaye" na fi tsayawa. Mutum biyu ne durƙushe sun zama dunƙule ɗaya baƙi ƙirin. Matar ta zube a jikin mijin, shi ya tallafe ta da hannu ɗaya, ɗayan ya rufe fuskarsa da shi. Ba a ganin idon kowa. In ka matsa kusa za ka ga sawun wuƙar a bayan rigarsa, layi-layi, wasu masu zurfi wasu ƙanana. A "Masu Sa Kai" kuwa mutuwa ce ke buga ganga a gaba, samari na biye da ita ido rufe, Peter yana daf da ita.

Da na fito na kira Umma na ba ta labarin.

"Umma, da yardarta fa ya tafi. Ita ta roƙi uban."

"Allah sarki. Ai uwa ba ta san gaibu ba, 'yar nan."

Gaskiya Umma ta faɗa. Sai dai Käthe ba ta ɓuya a bayan wannan uzuri ba, abin da ya sa nake ganin girmanta ke nan. A Oktoban 1916 tana tambayar Peter a kundin ko cin amanarsa ne idan yanzu ba ta ganin komai a yaƙin sai hauka. Shekara biyu bayan haka, da mawaƙi Richard Dehmel ya yi kira ga sauran maza su fito a yi gumurzun ƙarshe, ta mayar masa da martani a jaridar Vorwärts cewa mutuwar ta isa haka, kada a ƙara rasa ko mutum ɗaya. Wanda ya ga zanen kawai zai ɗauka tun fil azal mai ƙin yaƙi ce. Takardunta ne suka nuna yadda ta iso nan a hankali, tana jayayya da kanta.

Sauran rayuwar ma ba ta zo da sauƙi ba. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa cikin Kwalejin Fasaha ta Prussia a 1919, 'yan Nazi suka tilasta mata fita a 1933. Karl ya rasu a 1940, jikanta, shi ma Peter, ya mutu a Rasha a 1942, ita ta bi su ranar 22 ga Afrilu, 1945, a Moritzburg.

Abin tunawar da ta fara yi wa ɗanta a ƙarshen 1914 bai kammalu ba sai 1932. Da farko siffar yaron a kwance ta so yi, ta watsar a 1919, daga baya ta dawo ta yi uwa da uba durƙushe, da fuskarta da ta Karl. Yanzu suna maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo, inda aka mayar da ƙasusuwan Peter. Na duba hanya ɗazu, jirgin ƙasa yana kaiwa Diksmuide, daga nan tafiyar 'yan kilomita ce. In Allah ya kai mu hutun bazara zan je.