Farar fitila a bakin dogo

Karo na farko da fitilar layin dogo ta rikita ni, a Jamhuriyar Cek ne, da wata yamma, ina tuƙa motar haya. Aikina gyaran injinan masana'antu, kuma duk ƙasar da injin kamfaninmu ya tsaya can ake tura ni, galibi ƙananan garuruwa inda titi da dogo ke gitta juna a ƙasa, ba gada ba komai. Ina shan kwana sai ga gicciyayyen allon nan, a ƙarƙashinsa wata farar fitila tana ƙiftawa a hankali. Ni dai a sanina, fitila in tana ƙiftawa a bakin dogo, jirgi ne ke tafe. Na take birki har ƙasa. Na bayana saura ƙiris ya shige cikin but ɗina, ya yi ta danna min hon har na tsallake.

Washegari wani abokin aiki ɗan ƙasar ya warware min, yana ta dariya. Farar fitilar cewa take yi na'urar lafiyarta ƙalau kuma babu jirgi kusa. In tana ƙiftawa, dokarsu ta yarda ka tsallaka da gudun kilomita 50 a awa. In babu ita, daga mita 50 kafin dogo ba ka wuce 30. Daga baya na tarar da irin wannan farar fitila a Beljiyam da Suwidin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a waɗannan ƙasashe fitila a kashe abin tuhuma ce, wataƙila na'urar ta mutu. A Ingila da Amurka kuwa fitila a kashe ita ce izinin wucewa. Duhu iri ɗaya, amma can yana cewa yi hattara, nan yana cewa bismilla.

Ja dai ja ce a ko'ina, ban taɓa zuwa inda take nufin wani abu ban da tsayawa ba. Rikicin yana cikin abin da ke zuwa kafinta da bayanta. A Ingila ruwan ɗorawa ce ke fara kamawa na kamar daƙiƙa 3, sannan jajaye biyu su shiga ƙiftawa, wannan ta kama waccan ta mutu. A Jamus sababbin na'urorin ruwan ɗorawa suke nunawa, sai ja guda ɗaya da ke tsayawa cak ba ta ƙiftawa, kamar danjar cikin gari. Ranar da na fara ganinta na yi ta jiran ta fara ƙiftawa kafin in yarda da gaske take, sai da sanda ta soma saukowa na farga. Hatta allunan masu ratsi da ke ƙirga maka nisa ba su daidaita ba: a Jamus mita 240 da 160 da 80, a Faransa 150 da 100 da 50. Wanda ƙafarsa ta saba da na Jamus, in ya jira allon farko a Faransa kafin ya sassauta, ya riga ya ci mita 90.

Ingila ce ta koya min dalilin sanda rabi. Da ina ganin rowa ce a tare hannun shiga kawai a bar na fita a buɗe. Ashe da gangan ne, don motar da ta riga ta hau dogo ta sami hanyar fita. Illar ita ce mai gaggawa yana iya zagaye sandar, kuma lokacin ba shi da yawa, don a irin wannan matsallaka jirgi na iya isowa daƙiƙa 27 kacal bayan fitila ta kama. A irin wannan matsallaka a Hixon, wani ƙauye a Ingila, ranar 6 ga Janairu 1968, wata doguwar mota ɗauke da taransifoma mai nauyin tan 120 tana rarrafawa a kan dogo jirgin fasinja ya afka mata, mutum 11 suka mutu. Shi ya sa har yau za ka ga allo yana umartar direbobin manyan motoci masu tafiyar hawainiya su tsaya su kira mai kula da sigina kafin su hau.

A can ne kuma na haɗu da matsallakar da ta fi ba ni wahala, a hanyar shiga wata gona inda injin yake. Babu fitila, babu ƙararrawa, sai ƙyaure biyu da tarho a cikin akwati. Ka kira, a ce maka babu jirgi. Ka buɗe na kusa, ka taka ka buɗe na nesa, ka dawo, ka wuce da mota, ka sake dawowa ka rufe na farko, ka koma ka rufe na biyu, ka kira ka ce ka fita. Na ƙirga, sau biyar na tsallake dogon, huɗu a ƙafa, ga ruwa ana yi. Zuciya ta raya min in bar ƙyauren a buɗe tunda ba jimawa zan yi ba. Ban bari ba, don wanda zai zo bayana in ya ga hanya a wangale zai ɗauka an riga an tambaya.

Amurka da kunne take gargaɗi. A wani masauki kusa da dogo na kwana uku ina jin kukan jirgi iri ɗaya: dogo, dogo, gajere, dogo. Doka ce ta tarayya, direban jirgi ya fara busawa daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin matsallaka, sai fa a unguwannin da suka ƙara matakan kariya aka ɗauke musu. Can ne na yi ta tsaki a bayan wata tankar mai da ta tsaya a bakin dogon da ko alamar jirgi babu. Ashe dole ne a kanta, ita da motocin 'yan makaranta. Abin da na fi yabawa shi ne ɗan shuɗin allon da ke jikin kowace matsallaka, mai lambar waya da lambar wurin. In motarka ta mutu a kan dogo, ka fita tukuna, sannan ka kira wannan lambar, don ita ce ke kai ka kai tsaye ga masu iya tsayar da jirgi. Jirgin kaya mai cikakken lodi yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, direbansa ko ya hango ka ba abin da zai iya.

A Japan kuwa abin da na yi wa tankar nan tsaki shi ne dokar kowa. Ko sanda na sama, ko fitila a kashe, sai ka tsaya cak ka duba, sai dai in danja ce ke kula da wurin. Na shige ta farko ba tare da tsayawa ba, abokin aikin da ke gefena ya dafe gaban mota kamar mun yi karo. Shi ya nuna min maɓallin gaggawa a jikin turke, da 'yar sandar da ake kunnawa ta ba da jar wuta ta alamar haɗari, da ke maƙale a ƙasan kujerar fasinja, ya ce in sanduna suka rufe ni a tsakiya kada in tsaya tunani, in tura sandar da ke gabana da mota a hankali, an ƙera ta ne ta ba da hanya.

Amma kibiyoyinsu ne suka fi burge ni. Babban tarko a layi biyu shi ne jirgi na biyu: na farko ya wuce, ido ya ce an gama, ƙafa ta saki birki. Faransawa allo suka kafa mai cewa wani jirgin na iya ɓoye wani. Ingila ta ce muddin ja na ƙiftawa ka ci gaba da jira. Japan kibiya take kunna maka ta nuna ɓangaren da jirgi zai bi, in biyu ne duka su kama. A ganina wannan ya fi, domin mutum ya fi haƙuri in ya san abin da yake jira. Kuma haƙurin suna bukatarsa, don a Tokiyo akwai matsallakan da ke rufe minti 40 ko fiye cikin awa guda lokacin cunkoso, har suna gare su: matsallakar da ba ta buɗuwa.

Yanzu kafin in karɓi makullin motar haya a baƙuwar ƙasa, abu uku nake tambaya: ko tsayawa dole ce, me fitila a kashe take nufi, wa ake kira in mota ta maƙale. Ba na kuma hawa dogo sai na ga filin da zai ɗauke motata gaba ɗaya a wancan gefen, ko na baya zai fasa hon ɗinsa.

Bara aiki ya sake mayar da ni wancan garin na Cek. Na sha kwanar nan, na ɗaga ido, farar fitilar ba ta ƙiftawa, jajayen ma a kashe. Na sauko ƙasa da 30, na zuge gilashi, na duba hagu na duba dama. Motoci uku ne a bayana, ba wanda ya taɓa hon.