Romon gashin Lahadi ba tare da nama ba: inda na kai a gwaji na biyar

Sallama gare ku 'yan uwa abokan koyo. Yau Lahadi ta biyar ke nan ina fama da romon nan da mutanen Ingila ke kira girebi, kuma sai yau na ɗanɗana na ji zan iya miƙa wa baƙo ba tare da na sunkuyar da kai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun awon bai ɓace mini ba.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba, a nan Shefil inda muke zaune, abincin rana na Lahadi abu ne da ba a wasa da shi: gasasshen nama, dankalin Turawa da aka gasa har bayansa ya yi ƙaras-ƙaras, karas, kabeji, wainar Yokshiya, sannan a bi su duka da romo mai kauri, launin ƙasa. Asalin romon daga man da ruwan da naman ya tsiyaye a farantin gashi ake yin sa. To maƙwabciyata, dattijuwar da ta koya mini gashin nan, tana da jika wadda ba ta cin duk abin da ya fito daga dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har zuma. Bigan ake ce musu, sunan da Donald Watson da abokansa suka raɗa a nan Ingila a 1944. Na gayyace su cin abinci ƙarshen watan nan, kuma ba zan zuba wa kowa romo in bar yarinya da busasshen dankali ba.

Gwajin farko ba sai na ja ba. Na soya albasa sama-sama kamar ta miyar dage-dage, na barbaɗa fulawa, na tsuga ruwa. Abin ya fito fari fat, lami, ga gudaji. Maigida ya ɗaga cokali ya ce, “Wannan kunu ne ko miya?” Ban tanka ba, don ni ma ban san amsar ba.

A na biyu sai na wuce gona da iri. Na karanta cewa launi da garɗin romo daga soyuwa suke zuwa, wato abin da ke faruwa idan zafi ya haɗa sukarin da ke cikin abinci da sinadaran furotin, wanda wani Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Shi ne sirrin bayan burodi, da tsire, da soyayyiyar gyaɗa. Sai na ƙure wuta don in gama da wuri. Albasa ta ƙone a gefe tsakiyarta ɗanya, fulawa ta yi baƙi, na tashi neman kauri na samo ƙauri. Ɗacin ƙonanniyar albasa kuwa ba ya gyaruwa, ko sukari nawa aka zuba. Amma na ƙaru da abu ɗaya a ranar: duk yadda fulawa ta ƙara soyuwa, haka ƙarfin ɗaure ruwanta ke raguwa, domin zafi yana karya sitacin. Idan kuna son romo mai duhu, kada ku nemi duhun a wajen fulawa. Ku bar ta ta yi launin gyaɗar da aka soya sama-sama, ku nemi duhun a albasa.

Albasar nan ita ce aikin, kuma a nan na fi daɗewa. Manya biyu, yankan siriri, man gyaɗa cokali uku, ɗan gishiri, wuta ƙasa-ƙasa. Minti goma na farko ruwa kawai take fitarwa, ta yi laushi, ka ga kamar ba abin da ke faruwa. Wajen minti ashirin sai ta fara kama gindin tukunya, wani siririn ƙanzo ja yana shimfiɗuwa. Wannan ƙanzon kada wanda ya ji tsoronsa, shi ne madadin abin da nama ke bari a farantin gashi. Da ya fara duhu sai in zuba ruwa cokali biyu in kankare shi da muciya, ya narke ya koma jikin albasar, in bar shi ya sake kamawa. Sau huɗu ko biyar nake haka. Zuwa minti arba'in, albasar da ta cika tukunya ta koma 'yar ƙanƙanuwa, launin dabino, tana ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Wanda ya ce muku ana yin wannan a minti goma, bai taɓa tsayawa a gaban tukunyar ba.

Gwaji na uku na kawo busasshen naman kaza irin na shitake, wanda ake samu a shagunan 'yan Sin. Sai da na yi dariya ni kaɗai a kicin, don in na fassara wa yarinyar sunan da muke kiran tsiron nan kai tsaye, da gudu za ta bar gidan. Giram goma sha biyar na jiƙa a ruwan zafi rabin lita na minti talatin. Ruwan ya koma kamar shayi mai ƙarfi, kuma shi ne ruwan romon. Kuskurena shi ne juye shi duka, har da tsakuwar da ta kwanta a ƙasan kwano. Ku tace da ƙyalle ko ku bar cokali biyun ƙarshe. Duk da haka romon ya fara kama da romo, sai dai akwai wani rami a tsakiyar ɗanɗanon, irin wanda kan sa mutum ya yi ta ƙara gishiri alhali ba gishiri ne ya gaza ba.

Abin da ya gaza shi ne ɗanɗanon da Japanawa ke kira umami. Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa, gulutamet, a 1908 daga ciyawar teku, kuma daga aikinsa Ajinomoto ta fito, farin magin da kowa ya sani a gida. Mutanen Ingila sukan cike ramin da Marmite, wani baƙin maɗi mai gishiri da aka fara yi a garin Baton a 1902 daga yis ɗin da ya rage a masana'antar giya. Wasu cikinmu suna ƙyamarsa saboda asalin nan, wasu ba sa ganin komai, kowa da fahimtarsa. Ni dai ina tsaye ina tunani sai idona ya kai kan robar daddawar da na ninke cikin leda uku a firiza saboda kada ta tona mini asiri a wajen maƙwabta. Kalwa ce fa kawai, 'ya'yan ɗorawa da aka dafa aka rufe kwanaki har suka ruɓa yadda ake so, furotin ɗinsu ya warware ya saki gulutamet ɗin. Ba ruwanta da dabba. Kuma shitake busasshe yana da nasa sinadarin daban wanda idan ya haɗu da gulutamet ɗanɗanon ke ninkuwa, ba ƙaruwa kawai ba.

Zumuɗi ya sa a gwaji na huɗu na zuba cokalin cin abinci cur, kuma a ƙarshe. Gida ya ɗauka. Yara suka sauko suna tambayar ina tuwon. Miyar kuka ce sak, kukar ce kawai babu. Da na kira Umma ina ba ta labari, sai da ta gama dariya ta ce, “Ke 'yar nan, yaushe kika ga ana jefa daddawa a ƙarshe? Soya ta ake a mai, warin ya tafi daɗin ya zauna.”

Yau haka na yi. Da albasa ta kai, na matsar da ita gefe, na sa dakakkiyar daddawa rabin ƙaramin cokali da tumatirin gwangwani ƙaramin cokali ɗaya da tafarnuwa ƙwaya biyu, suka soyu minti biyu. Sai yankakken naman kazan da na matse, sai fulawa cokali biyu, ina juyawa har warin ɗanyen gari ya tafi. Ruwan jiƙon na riƙa zubawa ludayi-ludayi, ba duka lokaci ɗaya ba, ina kaɗawa da maburgin da na zo da shi daga Kano. Wallahi ya fi abin kaɗin ƙarfen nan kashe gudaji. Na ƙara da ruwan da na tafasa dankali, saboda ɗan sitacin da ke ciki. Farantin da na gasa karas da dankali ma ban wanke shi ba sai da na zuba masa ruwan zafi na kankare ƙanzonsa na juye a tukunya. Tayim, masoro, wuta kaɗan minti goma sha biyar, sannan na tace da rariya ina danna albasar da bayan ludayi.

Saura tsami. Littattafan girkin nan jan giya suke cewa a zuba, mu kuwa wannan ba namu ba ne. Na ɗauko kwalbar Lea & Perrins, wani ruwan ɗanɗano mai tsami da ake ɗiga wa abinci a nan, zan ɗiga, Allah ya sa na juya bayanta na karanta: akwai ƙananan kifi a ciki. Ku riƙa karanta bayan komai, har dunƙulen magi, don wasu suna ɗauke da kitsen kaza ko garin madara. Henderson's Relish da ake yi a nan Shefil ba shi da kifi, akwai tsamiya da kanumfari a cikinsa, shi na sa ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ba ya kusa da shi, ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya kaɗan zai yi, amma ɗigo-ɗigo ana ɗanɗanawa.

Na kai wa maƙwabciyar a ƙaramin kofi. Ta sa bayan cokali a ciki, ta ja yatsa a kai, layin ya tsaya bai rufe ba, ta gyaɗa kai. Ta ɗanɗana, ta ce akwai wani abu a can ƙasa da ba ta gane ba, ta tambaya ko Marmite ne. Na ce a'a, sai ranar zan nuna mata.

Abu biyu ne ba su gamshe ni ba tukuna. Romon ba ya ƙyalli kamar na nama, kuma idan ya huce yana yin fata a sama da wuri. Lahadi mai zuwa zan rage fulawa zuwa cokali ɗaya, in ƙarasa kaurin da garin sitacin masara da aka dama da ruwan sanyi kamar za a yi koko, in ga ko zai yi sheƙi. Na kuma daskarar da rabin na yau don in ga ko zai tsinke idan an ɗumama. Wainar Yokshiya ba ƙwai ba madara kuwa, ko taɓa ta ban yi ba, kuma saura mako uku.