Makullin tsohuwar motata

Jiya na ci karo da makullin tsohuwar motata a ƙasan akwati, sai na zauna ina ta jujjuya shi. Peugeot 504 ce, ƙirar da Faransa ta fitar a 1968, har aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Ni ta hannu na saya, fenti ya koɗe, amma inji garau.

Ba ta ɓoye ciwonta, shi ya sa ta shiga raina. Ka ɗaga bonet, komai a fili, ga kafireto ga fulogi. In ta fara shaƙewa sai in kwance fulogi in goge, in mayar, mu kama hanya. Ƙafafun baya ke tura ta, rami kuwa sai ta haɗiye shi kamar ba a yi ba. Har yau bayana yana tuna laushin kujerar nan.

Wani abokina kullum Corolla yake yabo, wai mai da ruwa kaɗai take nema. Ban musa ba, amma bai taɓa doguwar tafiya a 504 ba.

Wadda nake hawa yanzu, fitila ɗaya ta kama a gabana, sai an nemo mai kwamfuta.